Shekarar da na Rufe Ƙofar Yaya Alu

Na san abin da ake gaya muku a wajen suna da wajen biki, wai kwamfutar 'yata Balki ce ta raba ni da wana, Yaya Alu. Har ƙananan jikokina na ji suna maimaitawa. To ban yarda ku gaji wannan maganar ba, shi ya sa na zauna nake rubutu da ɗan sauran ganin da ya rage mini. Balki ba ta da laifi. Kwamfuta kuwa ba ta da hannu balle ta taɓa ƙofar ruwa. Ni na rufe ƙofar nan da hannuna, ranar wata Laraba da hantsi, hankalina ɗaya, kuma na san wanda zan ɓata wa rai.

Ku da kuka tashi a birni sai na yi muku bayanin aikin tukuna. A gonakin noman rani na bayan Konni, ruwa daga madatsa yake zuwa ta babban kanal, daga nan ya rarrabu zuwa ƙananan rassa. Reshenmu ƙofa shida gare shi. Kowace ƙofa farantin ƙarfe ce da ake ja sama ruwa ya shiga gonakin da ke bayanta, in fangulan albasa sun cika a mayar da ita ƙasa a wuce ta gaba. Ni ne mai ja da mayarwa. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki a kan kekena, makulli rataye a wuya, kuma ba alfahari ba, babu wanda ya taɓa kama ni na karɓi ko ɓarin goro don in ƙara masa ruwa. Ina da zafin rai, kowa ya sani, uwarku ta fi kowa sani. Amma ina ji da gaskiyata kamar yadda wasu ke ji da rawaninsu.

Gonar Yaya Alu tana bayan ƙofa ta biyu. Babanmu ya rasu ina ɗan shekara bakwai, Yaya ne ya riƙe ni. Shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ya zauna a gindin itacen bedi har aka tashi don kada in gudu. Shi ya nema mini auren uwarku. Shi ya tsaya gaban taron manoma ya ce a ba ƙanensa makullin ruwa, in na ci amana a zo a kama shi. Ranar da na karɓi makullin, Tsoho Labbo da na gada a hannunsa, Allah ya jiƙansa, ya ja ni gefe ya ce mini:

"Sani, in ka gama ba dattijon reshe ruwa, kak ka danne ƙohwatai hal ƙasa. Bar mashi yatsa biyu. Ba sata ba ta, ladabi na."

Haka na tarar, haka na ci gaba. Wanda ya fi kowa shekaru a reshen, in an gama ba shi ruwansa, sai a bar ƙofarsa ɗage kaurin yatsa biyu, ruwa ya yi ta tsiyaya masa har a tashi. Ba a rubuta shi a takardar ƙungiya ba, ba a kuma faɗarsa a taro, kamar yadda ba a sanar da cewa za a cire takalmi gaban babba. Da dattawan da suka girmi Yaya Alu suka ƙare, girman ya faɗo kansa, na yi shekara tara ina bar masa. Ƙasar gonarsa mai yashi ce, shan ruwa gare ta, wannan tsiyayar tana yi masa rana ƙwarai.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, madatsa ba ta cika ba. Aka ce maimakon sau biyu a mako, sau ɗaya reshenmu zai riƙa samun ruwa, ranar Laraba, daga fitowar rana zuwa la'asar. Kowa ya tsorata, amma wanda ya fi kowa tsorata shi ne Mamman, wani mutumin Illela da ya zauna cikinmu, wanda gonarsa ke can wutsiya, bayan ƙofa ta shida. Ko a shekarun wadata ruwa ba ya isa gare shi sai gab da rufewa, rana ta biyu ce ke cetonsa. Ni kuwa na daɗe da yanke masa hukunci. Na ce malalaci ne, ba ya cire ciyawar kanal, kuma akwai tsaga kusa da ƙofarsa ya ƙi liƙewa. Ban tsaya a zuci ba, a gaban mutane na faɗa, fiye da sau ɗaya.

Ana cikin dashen albasa Balki ta zo daga Yamai. Ita ce 'yata ta uku, lokacin tana ƙarasa babban karatunta na kwamfuta, kuma aikin da za ta kai wa malamanta shi ne ta gwada wata manhaja a kan wani aiki na gaske. Ta ce aikina ta zaɓa. Muka zauna a zaure, ta buɗe kwamfutar a kan kwali, na tambaye ta ko wannan abar ta san ruwa.

"Baba, ba ta san komi ba," in ji ta. "Kai za ka hwaɗa mata mi ka kawo mi, da abin da mutun ka iya yi, da inda muke so mu kai. Ita ko sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In akwai hanya ta hiddo ta, in babu ta ce babu."

"To in ni zan hwaɗi komi, ita mi ag amfaninta?"

"Ba ta mantuwa, Baba. Kuma ba ta tsallake abu don ta gaji."

Kwana uku muka yi ina faɗa tana rubutawa, kuma ban taɓa haɗuwa da ɗalibi mai ban haushi irin wannan ba. Sai an gaya mata ruwa ba ya hawan tudu. Sai an gaya mata ƙofar da aka rufe tana nan a rufe har sai wani ya buɗe ta. Tsarin farko da ta fitar, ta sa ni ina rufe ƙofa ta ɗaya ina buɗe ta biyar a lokaci guda. Na ce wa Balki ta sanar da ita cewa Malam Sani jiki ɗaya gare shi da tsohon keke, ba aljani ba ne. Tsari na biyu ta hana ni sallar azahar. Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida tana jin mu, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce yau ga wanda ya fi Malam taurin kai. Duk da haka na ji daɗin kwanakin nan. Abin da na shekara ashirin ina yi da ƙafa da ido, ban taɓa jin sa a jere da baki ba sai lokacin, kuma na ga ashe ba ƙaramin sani ba ne.

A rana ta huɗu Balki ta ce kafin mu yarda da tsarin bana, sai mu gwada manhajar da abin da ya riga ya faru. Na faɗa mata yadda ranar ruwa take tafiya a bara: lokacin da nake buɗe kowace ƙofa, da lokacin da nake rufewa, da lokacin da ruwa ke isa wurin Mamman. Na san su kamar sunayen 'ya'yana. Ta shigar, ta danna, ta duba. Sannan ta ce manhajar ta ƙi. Wai in dokokin da na faɗa gaskiya ne, kuma abin da na ce na yi shi kaɗai na yi, to da azahar ya kamata ruwa ya isa ƙofa ta shida, ba gab da la'asar ba. Maganganun biyu ba za su tsaya tare ba. Kuma ta nuna inda lattin yake farawa: ƙofa ta ɗaya da ta biyu suna cika a kan lokaci, daga ta uku ne kowace take ɗaukar fiye da ƙa'ida, lattin yana taruwa har ya faɗa kan na ƙarshe. Saboda haka, in ji ta, ɗayan biyu ne: ko akwai tsaga tsakanin ƙofa ta biyu da ta uku, ko ɗaya daga cikin ƙofofin sama ba a rufe take ba.

Na ce tsaga ce, kuma kusa da Mamman take. Balki ta ce tsagar da ke ƙasa ba za ta jawo latti a sama ba. Raina ya ɓaci, na ce ta ɗauko mayafinta mu je ta gani da idonta. Muka bi kanal da ƙafa cikin rana, daga ƙofa ta biyu zuwa ta uku, tana duƙawa tana shafa siminti. Babu tsaga ko ta allura. Muka wuce har wutsiya, na nuna mata tsagar Mamman, sai na tarar ya liƙe ta tun tuni, simintin har ya yi baƙi don daɗewa. Da muka dawo ƙofa ta biyu ta tsaya, ba ta dube ni ba, ƙarfen take kallo.

"Baba, akwai abin da ba ka hwaɗa mani ba?"

Wallahi ba ɓoyewa na yi ba. Ban lissafa shi cikin aiki ba ne sam, a wurina gaisuwa ce. Na gaya mata zancen yatsa biyu, ina yi ina ɗaga murya, kamar ita ce ta yi laifi. Na ce ɗan wannan tsiyayar ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba. Muka koma gida ta shigar da shi, nan take lissafin ya zauna daram, ruwa ya isa wurin Mamman gab da la'asar, daidai yadda na saba gani. Na daɗe ina kallon allon kwamfutar. Shekara tara ina zagin mutum da lalaci, ashe ni nake riƙe masa ruwa. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, har abinci na kasa ci.

Amma kada ku ɗauka nan take na miƙa wuya. Ban miƙa ba. Na ce wa Balki tunda abar nan gwanar neman hanya ce, ta nemo mini hanyar da Yaya zai riƙe yatsunsa biyu kuma kowa ya sami ruwa ranar Laraba ɗaya. Ta tambaya, amsa ta zo babu. Na ce a fara daga wutsiya a hauro sama. Babu. Na ce a cire hutun da nake yi, zan yi sallata a bakin kanal in ci tuwona a tsaye. Babu. Na ce a mayar da shi yatsa ɗaya, ta ce sai dai gonaki biyu na ƙarshe su kwana da ƙishi. Kwana huɗu ina kawo dabara tana dawo mini da ita, har Balki ta fara tausayina. Da aka cire yatsun gaba ɗaya sai ga tsari ya fito, ƙofa bayan ƙofa, kowa ya sha, da ɗan ragowar lokaci da bai fi na alwala ba. Na so ƙwarai abar nan ta fid da ni daga zaɓi. Ba ta fid da ni ba, ta dai nuna mini cewa zaɓin yana nan, kuma nawa ne.

Balki ta ga halin da nake ciki, ta kawo shawara. Ta ce in tara mutane in ce kwamfutar ce ta fitar da tsari, ni bi kawai nake yi, ita za ta tsaya ta yi bayani. Uwarku ta goyi bayanta.

"Malam, bari su zagi ƙarhe," ta ce. "Ƙarhe ba ya da wa."

Na kwana biyu ina juya maganar, don tana da daɗi. Amma na ga in na yi haka, na ɗora wa 'yata abin da ni na shuka, Yaya zai riƙe ta a zuci har abada, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kuma mutumin da ya tsaya mini gaban taro bai cancanci in aika masa saƙo ta bakin na'ura ba. Na ce musu a'a. Ranar Talata da safe na sa rigata ta Juma'a na tafi gidansa.

Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na faɗa masa komai ban rage ba: abin da muka gano, da hanyoyin da na nema na rasa, da abin da zan yi gobe. Ya saurare ni har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba.

"Ɗiyarka ta ce, ko injin nata?"

"Ni nic ce, Yaya."

"Labbo ya bar ma ubanmu. Kai ka bar ma Alhaji Bawa hal yam mutu. Ni ɗai na anka ga ya dace a danne ma?"

"Can ruwa na zuwa sau biyu, Yaya. Bana in na bar maka, albasar Mamman mutuwa za ta yi."

"Mamman," ya ce, ya jinjina kai. "To. Tashi ka tahi wurin Mamman."

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu kamar lokacin ina yaro. Bai yi ba. Ya ci gaba da igiyarsa kamar babu kowa a zauren. Na tashi na fita.

Washegari ruwa ya zo. Na ba ƙofa ta ɗaya, na ba ta biyu har fangulan Yaya suka cika taf, ban rage masa ko ɗigo daga haƙƙinsa ba. Yana tsaye a cikin gonarsa da fartanya a kafaɗa yana kallona. Na kama farantin na tura shi ƙasa har ya daki siminti, na sa makulli, na hau keke na wuce ta uku ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan koma in ɗaga. Ran nan ruwa ya isa wutsiya ana kiran azahar.

Da aka yi taron reshe na miƙe na faɗi abin da na yi da bakina, na kuma ce maganar da na daɗe ina yi a kan Mamman ƙarya ce, ina neman gafararsa gaban waɗanda na zage shi a gabansu. Na zaci zai yi murna. Sai ya dube ni ya ce:

"Malam Sani, ai mu na wutsiya mun daɗe da sani. Wa za mu hwaɗa ma? Kai ka riƙe da makulli, shi ko wanka na."

Wannan ta fi zagi zafi. Ashe abin da sai da kwamfuta ta yi kwana huɗu kafin in gane, mutanen da ke shan wahalarsa sun san shi tun farko, ni ne ban taɓa tambayarsu ba. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, amma ba mu zama abokai ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Albasar kowa ta yi a shekarar, ba wanda ya tashi hannu wofi. Ta Yaya ce ta fi ta kowa ƙanana, saboda yashin gonarsa, kuma duk wanda ya wuce ya gani. Dattawa biyu suka daina amsa gaisuwata, suka ce na kashe ladabi. Balki ta koma Yamai ta kai aikinta aka yaba, ta kira ni tana kuka maimakon murna, ta ce da ta sani da wani aikin ta zaɓa. Na ce ta share hawayenta, tambaya ta yi, tambaya kuwa ba laifi ba ce.

Yaya bai sake shiga gidana ba. Ni kuwa na ɗaura niyya ba zan bar nasa ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in bi ta zaurensa in yi sallama in durƙusa. Yakan amsa sallamar, don wannan haƙƙin Allah ne, daga nan sai ya juya ya kama magana da wani, ko ya kama carbinsa. In ɗan jima a durƙushe in tashi. Uwarku ta ce ina wulaƙanta kaina da furfurata. Na ce mata wanda ya yi mini wanka ina yaro ba zai wulaƙanta ni ba, ko me ya yi. Haka muka yi shekara biyu da wata huɗu. Sau da yawa in na fito daga zauren nan nakan tsaya bayan katanga in share idona kafin in shiga cikin mutane. Amma ko sau ɗaya ban je na ɗaga ƙofar ba, ko da ruwa ya dawo sau biyu a mako, don na riga na san wanda ke biya.

Da ciwo ya kwantar da shi aka mayar da shi ɗaki. Wata Juma'a na je na yi sallama daga bakin ƙofa, ya amsa da ƙyar. Na durƙusa, na yi masa sannu, na yunƙura zan tashi kamar kullum. Sai na ji ya ce:

"Zamna."

Na zauna a bakin tabarmarsa. Ya rame ƙwarai, hannun nan da ke ɗaga buhun gero ya koma kamar kara. Ban yi zancen ruwa ba, shi ma bai yi ba. Bai ce ya yafe ba, kuma ba zan ƙara masa maganar da bai faɗa ba don in faranta muku rai. Can ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Hajo, kawo ma yaron ga hura. Ba ki ga ya rame ba?"

Ina da shekara sittin da uku lokacin. Aka kawo furar a ƙwarya, na sha yana kallona, bai kawar da ido ba sai da ya ga na shanye. Na zauna wurinsa har aka kira la'asar. Bayan kwana tara ya rasu.